Kada Ki Canja Wa Inna Jan Kwanonta

Al Muraqqabat, Dubai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mamana,

Ina gaishe ki gaisuwar uba, duk da kin wuni kina ɗauke mini kai. Allah Ya sa ki tashi lafiya, ki sauka Kano lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baki. Zan ba Ummanki takardar nan ta saka miki a jakar hannu, ki karanta a cikin jirgi, inda ba ki da damar miƙewa ki bar ni ina magana.

Kin san abin da zai kai ki, amma bari in sake faɗa, don ina ganin zanen gini ya ɗauke miki hankali daga kansa. Rufin gidan Inna, mahaifiyata da kika ci sunanta, ya gaji. Bara da robobi da kwanukan abinci Gwaggonki Asabe ta yi ta tarar ruwa a ɗakin. Damina kuma ta ƙarato. Baffanki Lawan, yayana, ya riga ya yanke magana: in ruwa ya sake zuba a kan Inna, ko ta sake ɓata a gari, zai ɗauke ta ya kai ta gidansa na Abuja, gidan Gyaɗi-gyaɗi kuma a san yadda za a yi da shi. Ni na san uwata. Tsohuwar da tunaninta ke guduwa kullum, in aka ɗora ta a bene a garin da ba ta san kowa ba, ba za ta daɗe ba. Tsoron da nake kwana da shi ke nan, nake tashi da shi. Da ni zan je, amma bizata na hannun masu sabuntawa, ba ni da ikon fita sai sun gama, hadari kuma ba ya jiran hatimi. Ke ce kika karanta zanen gini, ke za ki tsaya a madadina.

Jiya da kika buɗe mini zanenki a kwamfuta, rufi baƙi mai tsakuwa, dogo kamar hular angon ƙauye, na rufe ta. Kika ce, "Khalas, shi ke nan, Abba, in ba ka yarda da aikina ba, ka ce kawai kada in je." Zanenki ya yi kyau, Mamana. A sabon gida a Abuja zai yi kyau. Gidan Inna ba sabo ba ne, kuma kowane kuskuren da ke cikin zanen nan na riga ki yin sa da hannuna, shi ya sa raina ya ɓaci. Bari in jera miki, ki yi mini dariya in kin so, amma ki ji.

Malam, kakanki, ya gina gidan nan lokacin yana aikin jirgin ƙasa, kuma gidajen ma'aikatan jirgi ya kwaikwaya. Rufin gajere ne, ya gangaro ta fuska huɗu a hankali, bakinsa ya zarto waje sosai har mutum yana iya tsayawa a gindin bango ana ruwa bai jiƙe ba. Kwanon mai ƙananan kwari ne, an shafe shi da jan fentin nan na hana tsatsa. Ina saurayi, na fara koyon aikin rufi, kaina na hayaƙi, na ga wannan zarton bakin ƙauyanci ne. Da aka ce in gyara rufin kicin na baya, sai na datse shi daidai da bango don ya fito tsaf irin na gidajen zamani. Malam ya zo ya tsaya ya duba, ya ce, "To, injiniya." Ya wuce abinsa. Damina biyu ruwa yana dukan bangon kai tsaye, a ta uku bangon ya jiƙe ya zauna, da tukwanen Inna a ƙarƙashinsa. Allah Ya kiyaye ba kowa a ciki.

Abin da ban sani ba a lokacin, ke ki sani yanzu. Gidan nan tubalin ƙasa ne aka yi wa shafen siminti. Daga waje kamar bulo, ciki ƙasa ce. Babu ɗamarar kankare a samansa da za a ɗaure dogon rufi a kai. Bakin kwanon nan da ya zarto shi ne laimar bangon, ranar da aka rage shi bangon ya fara mutuwa. Dogon rufin da kika zana, wanda shi ma Baffanki yake so, yana bukatar katako mai yawa, nauyi ke nan a kan bangon da ya girme ni. Kuma ba ki san iskar farkon damina a Kano ba, kin tashi a nan inda ruwa ke zuwa kamar baƙo. Iskar nan rufi mai tsayi take nema ta shiga ƙarƙashinsa. Ki auna gangaren da Malam ya yi, ki auna zarton bakin, ki mayar da su yadda suke. Ko taku ɗaya kada a ƙara a tsayi, ko ɗan yatsa kada a rage a baki.

Sai maganar baƙin launi. Wannan a nan Dubai na sha kunyarsa. Farkon zuwana, kamfaninmu ya tura ni wani tsohon gida na ƙasa a Abu Hail, irin gajerun nan da ake ta rushewa yanzu. Akwai rumfar kwano a tsakar gidan inda mai gidan, wani dattijon Balarabe, yake shan gahawa. 'Ya'yansa suka ce a sabunta ta, na zaɓa musu ruwan toka mai duhu, don na ga shi ake yayi a sababbin unguwanni. Mun yi aikin da sanyi, kowa ya yaba. Da zafi ya shigo aka kira ni. Dattijon ya kama hannuna ya shigar da ni ƙarƙashin rumfar, ya ce, "Zauna, habibi, shwaiya kawai," wato in ɗan zauna kaɗan. Ya koma ɗaki ya bar ni. Ban kai ga shanye gahawar ba rigata ta manne a bayana. Da na fito bai zage ni ba, ya ce dai shekara da shekaru a nan yake zama, yanzu na kore shi. Na fi son da ya zage ni.

Watannin bazara a Kano ba su da nisa da wannan, kuma gidan Inna babu na'urar sanyaya ɗaki, ko da akwai ina wutar. Baƙin rufi a kan gajeren gida tanda ce. Kada kuma ki gudu daga baƙi ki faɗa wa farin kwano tsirara mai walƙiya. Yana kashe ido, maƙwabta za su tsine mana, ita kuma idonta ya yi rauni.

Yanzu ga babban, wanda saboda shi nake rubutun nan. Kin san labarin sama-sama, lokacin kina makaranta, mun ɓoye miki rabinsa don kada ki damu.

Akwai wata cuta da ke kama mu 'yan ƙasar waje, ni ma ta kama ni. Mutum yana so duk wanda ya wuce ƙofar gidansu ya san akwai ɗa a Dubai. Shekarun baya na je unguwar Naif wajen masu kago, masu aika kaya gida, na ga wani ɗan kasuwa yana loda dogon kwanon alminiyam shuɗi a kwantena, yana sheƙi. Na ce a saka mini nawa. Na aika aka cire rufin zaure da na barandar gaba, wato duk abin da ido ke gani daga titi, aka kafa shuɗin. Aka turo mini hoto, na yi ta nuna wa abokan aiki a wajen cin abinci. Ummanki ta ce, "Ka tambayi Inna kuwa?" Na ce kyauta ake tambaya?

A lokacin mantuwar Inna ba ta yi nisa ba, tana fita ita kaɗai. Ta je barka a bayan layi da hantsi, ta dawo, ta zo daidai ƙofar gidanta, ta ɗaga kai ta duba, ta wuce. Mai shagon da ke kallonta ya zaci wani wajen za ta. Ta yi ta tafiya tana neman gidanta. Har la'asar ba a gan ta ba. Ni ina nan a kan wani rufi a Deira, waya a kunne, Gwaggonki tana kuka, ba abin da zan iya sai zagaye. Baffanki ne ya baro Abuja a jirgin sama, shi ya bi asibitoci da ofisoshin 'yan sanda. Dab da magariba wata mai sayar da ƙosai ta kawo ta daga wata unguwa can gaba, ƙafafunta sun kumbura, takalmi ɗaya. Da aka tsayar da ita a ƙofar gida ta ƙi shiga. Ta ce, "Ku kai ni gidan Malam, wannan ba shi ba ne." Sai da Gwaggonki ta zagaya da ita ta lungu, ta nuna mata jan rufin baya, sannan ta yarda. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Na sa aka shafa wa shuɗin jan fenti da gaggawa, don tsohon kwanon an riga an sayar. Fenti bai kama alminiyam ɗin da kyau ba, yanzu yana ɓarewa, shuɗin yana leƙowa. Gwaggonki ta ce kwanan nan Inna ta kan tsaya a tsakar gida tana kallon wajen da wani irin ido. Wannan shuɗin ki cire shi gaba ɗaya, ki bayar da shi sadaka can nesa da unguwar.

Don haka launi ba abin shawara ba ne tsakaninki da kowa. Ja ne. Amma ki kula, ja iri-iri ne, kuma masu sayarwa za su rantse miki duk ɗaya ne. Akwai ja mai ƙyalli kamar tumatir, akwai ruwan hanta da ake yayi yanzu, duk ba su ba ne. Jan gidan Inna rana ta sha shi shekara da shekaru har ya koma kamar jan ƙasa. Ki sa a yanko miki ƙyalle biyu na tsohon kwanon da ya rage a baya, ɗaya daga gefen da rana ke duka, ɗaya daga inda inuwar darbejiya ke rufewa. Ki tafi da su kasuwa a jakarki. Ki fito da samfurin waje ki haɗa su a hasken rana, kada ki yarda da fitilar shago. Ki zaɓi wanda ya faɗa tsakanin biyun, marar sheƙi. In ba a samu ba, ki sayi kwanon da fenti ke kamawa, a yi masa shafen farko, a haɗa launin a gabanki, a gwada a falle ɗaya ya bushe kafin a taɓa sauran. Launi yana canjawa in ya bushe, na sha ganin wannan.

Kayan kuwa, ban ce sai kin nemo irin na zamanin Malam ba, babu shi. Ki sayi mai kauri, kada ki karɓi langa-langar da ake naɗewa da hannu. Amma kwarinsa ya zama ƙanana irin na da, ba mai faɗin nan mai kama da matakala ba, ba kuma mai siffar tayil ba. Daga titi siffar kwarin ake gani kafin a ga komai. Mai tsakuwar nan da kike so, kin ce amfaninsa ba ya ƙara in ana ruwa. Gaskiya ne, kuma shi ne aibinsa a wannan gidan. Inna ta manta ranakun mako, ta manta wa ya rasu wa ke raye, amma da ruwa ya fara buga kwano za ta miƙe ta ce a kwashe shanya, a tara baho a bakin indararo. Gwaggonki ta ce a wannan lokacin ne kaɗai take komawa uwar gida sosai, tana ba da umarni, tana faɗa. Kada ki kashe mata wannan ƙarar.

Wani abu ƙarami amma kada ki raina shi. Silin ɗin falo da na ɗakin Malam na asbestos ne. Ni da guduma na farfasa irinsa a zamanin rashin sani, ina shaƙa ina tari ina jin ni jarumi ne. Yanzu kin fi ni sanin illarsa. Abin da ba ki sani ba shi ne kafintocin gida har yau haka suke yi, kuma za su yi miki dariya in kin hana. Ki bar su su yi dariyar. In bai fashe ba a bar shi inda yake. Wanda ruwa ya lalata a jiƙa shi, a sauke shi ɗungurungum, Inna kuma tana can nesa. Katakon da gara ta ci a canja, wanda ke da rai a bar shi, katakon Malam ya fi na kasuwar yanzu. Kuma kada ki yarda a yaye gidan gaba ɗaya rana ɗaya, ko sun ce ya fi sauri. Fuska ɗaya a yaye, a rufe ta kafin a tashi. Hadarin farko ba ya sallama, kuma in ya sami ɗakin Inna a buɗe, magana ta ƙare, Baffanki ba zai saurari dalili ba.

To ga Baffan naki. A nan ma na ɓata kafin ki je, ke za ki gyara. Watan jiya ya kira ni yana cewa a yi dogon rufi irin na zamani sau ɗaya a huta, gidan ma ya yi daraja. Na ce masa, "Yaya, kai aikin ofis ka sani, ka bar wa masu rufi rufi." Ashe wayar a buɗe take, surukinsa na zaune yana ji. Ya ce, "Haka ne. Masu rufi ne suka saka shuɗi." Ya kashe. Tun ranar sai dai saƙo ta bakin Gwaggonki. Ya faɗi gaskiya, shi ya sa ta yi mini zafi.

Kada ki je masa da takardar digiri a goshi. Na san bakinki, nawa ne kika gada. Za ki same shi a Kano, ki fara zuwa ki gaishe shi kafin ki taka kasuwa, ki durƙusa, ki ce, "Baffa, Abba ya aiko ni in yi aiki a ƙarƙashinka." Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wannan ba wada ba ne, yayan ubanki ne. Kada ki gyara masa magana a gaban kafintoci. Ki zagaya da shi ta bayan gidan ku biyu, inda shafen ya ɓare, ki ba shi ƙusa ya soka a bangon da hannunsa ya ga ƙasa na zubowa. Ki bar shi ya faɗi abin da ya gani da bakinsa. Indararo, fentin ƙofa, wanda za a ba aikin, duk ki bar masa ya zaɓa. Tsayi da baki da launi ne kawai ba za ki saki ba, ko zai yi fushi, ko zai kira ni ya zage ni. In ya matsa, ki ce ni na hana, ya ƙara a kan laifina.

Kuma kada ki ɗauke shi mugu. Da nake kan rufi a Deira ina zagaye, shi ne ya shiga ɗakin ajiye gawa yana duba fuskoki. Wanda ya yi wannan sau ɗaya ba ya son ya sake. Tsoro ne ke sa shi maganar Abuja, irin tsoron da ke sa ni maganar ja. Sai dai an ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mai ɗakin nan kuwa Inna ce, ba ni ba, ba shi ba.

Kin tambayi Ummanki me ya same ni jiya har na rufe miki kwamfuta kamar wanda aka zaga. Ba ta sani ba, don ban gaya mata ba. Jiyan da safe kafin in fita aiki na kira gida, Gwaggonki ta kara wa Inna wayar a kunne. Na gaishe ta, ta amsa da fara'a, irin amsar da ake yi wa baƙo. Ta ce, "Wane ne?" Na ce, "Inna, Sani ne." Ta ce, "Allah sarki, sunan ɗana gare ka. Yana makaranta, bai dawo ba tukuna." Na yi ta magana, na kira mata Yaya, na kira mata ke, ba ta kama ko ɗaya ba. Da za mu rabu ta ce, "In ka shigo gari ka biyo mu gaisa. Gyaɗi-gyaɗi, gidan Malam na jirgi, mai jan kwano. Ba ka ɓata."

Na zauna a bakin gado na kasa ɗaura takalmi. Ni na fita daga kanta, Mamana, kuma ba na jin zan koma. Ke ma kada ki sa rai za ta gane ki, ki shirya wa wannan tun a jirgi, kada ki yi kuka a gabanta. Gidan nan shi ne abu na ƙarshe da ta sani da sunansa da kamanninsa. Ki toshe masa yoyo, ki bar mata shi yadda ta san shi.

Ki gaishe da Gwaggonki, ki ce Allah Ya biya ta. Ki gaishe da Baffanki, ki ce ƙaninsa yana ba shi haƙuri. Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya riƙe hadari har ku kafa ƙusar ƙarshe. Inna kuma ki gaishe ta, in ta tambayi wanda ya aiko ki, ki ce mata wani ne mai sunan ɗanta.

Wassalam.

Mahaifinki,
Abba.